Abin Da Ke Sa Wayar Kwaikwayo Tafiyar Hawainiya A Kwamfuta, Da Yadda Ake Kwance Mata Dabaibayi

A watan Afrilun bara, bayan la'asar, wani yaron maƙwabcinmu a Mabera ya yi mini sallama riƙe da kwamfutarsa a hammata. Ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shekarar ƙarshe, kuma aikin kammala karatun da ya ɗauka shi ne haɗa manhajar Android wadda za ta riƙa tuna wa iyaye mata ranakun rigakafin yara. Na shimfiɗa mana tabarma a zaure, muka gaisa, ya buɗe kwamfutar ya ce, "Malam, wanga abu ya ƙi tahiya. Sati biyu ke nan ina hwama da shi." Ya danna maɓallin gwaji a Android Studio, wato manhajar da ake haɗa manhajojin Android da ita, hoton waya ya fito a gefen allo, baƙi ƙirin. Muka zuba ido. Na aika a sayo mana fura, aka kawo, muka dama muka sha, har lokacin sunan Android ne kawai yake ta walƙiya a tsakiyar allon. Ya ce wani mai gyara ya gaya masa kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, sai dai ya sayi sabuwa, har ya soma tunanin sayar da ragon da yake kiwo.

Kwamfutar HP EliteBook ce ta hannu, Core i5, RAM gigabait 8. Lafiyarta ƙalau. Ƙarfin da yake nema yana cikinta tun ranar da aka ƙera ta, a kulle kawai yake. Kafin a kira magariba wayar nan ta koma tashi cikin ƙasa da minti ɗaya, ragon kuma bai je kasuwa ba. Tun daga ranar na sha ganin irin wannan a wurin yaran da ke koyon haɗa manhaja a garin nan, abin kuma yana damuna ƙwarai. Yaro mai basira sai ya yanke ƙauna daga sana'ar da za ta riƙe shi, saboda saiti ɗaya da ba wanda ya nuna masa. Shi ya sa nake son in kwance maganar daga tushe, domin wanda ya gane dalili ba ya buƙatar haddace matakai.

Wayar nan ta allo ita ake kira emuleta, manhaja ce da take kwaikwayon waya sukutum a cikin kwamfuta, da allonta da ma'ajiyarta da kyamararta da batirinta, har da layin kira. Mai haɗa manhaja yana gwada aikinsa a cikinta kafin ya sake shi ga jama'a. Wadda Google ke bayarwa tare da Android Studio an gina ta ne a kan QEMU, manhajar da wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara fitarwa a 2003.

Matsalar farko ta harshe ce. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a cikin na'ura, kowace iri tana da harshen da take ji. Kusan duk wayar da ke hannun mutane, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, harshen ARM take ji. Laftof ɗin da ke da furosesar Intel ko AMD kuwa harshen x86 take ji, ba sa fahimtar juna ko kaɗan. Wanda ya taɓa zuwa kara ranar kasuwa ya ga Bafulatanin da bai jin Hausa sosai yana ciniki da ɗan kasuwar da ya zo daga kudu, ya san yadda abin yake. Sai an sami tafinta a tsakiya, wannan ya faɗa a juya, wancan ya mayar a juya, cinikin da zai ƙare cikin minti biyar ya kai su azahar. Haka QEMU take yi idan aka ba ta Android na ARM a kan kwamfutar x86. Tana da dabara, takan fassara umarni rukuni-rukuni ta ajiye fassarar don kada ta maimaita, amma kafin Android ya gama tashi sai an aiwatar da biliyoyin umarni, kowanne kuma sai ya bi ta bakin tafinta.

Abin da ya sami yaron nan ke nan. Da farko ya sauke kwafin Android na x86, emuleta ta ƙi tashi sam, ta rubuto masa cewa sai an kunna mata taimakon furosesa. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya sauke tsohon kwafin Android 7 na ARM, wai shi ba ya neman komai. Gaskiya ne ba ya nema, amma ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

To, me ya sa na x86 ya ƙi tashi, alhali harshensu ɗaya da kwamfutar? A nan ne gizo ke saƙar. Android ba ƙaramar manhaja ba ce kamar Word ko Chrome da za ta zauna inda aka ajiye ta. Shi ma tsarin gudanar da na'ura ne kamar Windows, kuma duk tsarin gudanarwa yana ɗauka shi ne maigida: shi ke raba RAM, shi ke ba kowace manhaja lokacinta, shi ke magana da na'urorin da ke jikin kwamfuta kai tsaye. Idan aka saki Android ya yi yadda ya saba a kan furosesa, zai taɓa abin da ke hannun Windows, kwamfutar ta rikice.

Ku ɗauki misalin baƙon da aka sauke a gida. Akwai maigidan da saboda rashin yarda zai zauna kusa da baƙo dare da rana, ko buta zai ɗauka sai ya tambaya. Babu ɓarnar da za a yi, amma ba maigidan ba baƙon, ba wanda zai yi wani aiki. Akwai kuma gidan da tun wurin gini aka fitar da ɗakin baƙi a zaure, da ƙofarsa da makewayinsa. Baƙo ya shiga ya fita, ya ci ya kwanta, ba ruwan kowa. Sai idan zai ƙetare zuwa cikin gida ne zai yi sallama, maigida ya fito ya ji buƙatarsa, ya biya masa, ya koma. Wannan ɗakin zauren shi ne abin da masu ƙera furosesa suka ƙara a cikinta. Tun 1974 wasu masana biyu, Gerald Popek da Robert Goldberg, suka rubuta sharuɗɗan da furosesa za ta cika kafin ta iya ɗaukar baƙo haka. Tsohon tsarin x86 bai cika su ba, domin an ƙirga umarni 17 a furosesar Pentium waɗanda baƙo zai iya amfani da su ya leƙa ko ya taɓa abin maigida ba tare da an ji sallamarsa ba. Intel ya toshe wannan kafa a 2005 da fasahar da ya kira VT-x, AMD ya biyo baya a 2006 da tasa, AMD-V. Daga baya suka ƙara wata da ke sauƙaƙa rabon RAM tsakanin baƙo da maigida, wadda Intel ke kira EPT, ta fara zuwa a furosesocin 2008. Da waɗannan, mafi yawan umarnin Android yana gudu ne kai tsaye a kan furosesar kwamfutarka, babu tafinta, babu mai gadi a kansa. Ma'anar saurin da ake magana ke nan. Ba wani ƙarfi ake ƙara wa kwamfutar ba, hanya ake buɗe wa wanda take da shi.

Lissafin shekarun nan yana da amfani gare mu, mu da mafi yawan kwamfutocinmu na hannu ne. Kusan duk laftof mai Core i5 ko i7 ko Ryzen da za ka samu a shagunan Sakkwato a yau tana da wannan fasaha. Sai dai kamfanoni da yawa sun riƙa fitar da kwamfutocinsu da ita a kashe, wanda ya yi amfani da ita a ofis a Turai ko Amurka bai taɓa buƙatarta ba, ta iso hannunka yadda take.

Dubawa ba ta da wuya. A Windows ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance, ka zaɓi CPU. A ƙasa ta dama akwai layin da aka rubuta Virtualization. In ka ga Enabled a gabansa, wannan ƙofa a buɗe take. In Disabled ne, sai an shiga BIOS, wato ƙaramin tsarin da ke tashi kafin Windows. Ka kashe kwamfutar, ka kunna, tun kafin tambarin Windows ya fito ka riƙa danna maɓallin shiga: a HP Esc ne sannan F10, a Dell F2, a ThinkPad na Lenovo F1. A kwamfutar yaron nan mun same shi a ƙarƙashin Advanced, cikin System Options, ɗan akwati ne da ba a yi masa alama ba kusa da Virtualization Technology. A Dell yana ƙarƙashin Virtualization Support, a ThinkPad yana cikin Security. Masu furosesar AMD su nemi SVM Mode, domin sau da yawa da wannan suna yake zuwa. Ka kunna, ka adana, ka fita. Kada ka taɓa wani saitin da ba ka san aikinsa ba a wurin, musamman na faifan ajiya, don yana iya hana Windows tashi.

Abu biyu nake son masu sayen kwamfuta ta hannu su riƙe a nan. Wasu kwamfutocin da suka fito daga manyan ofisoshi suna zuwa da kalmar sirri a kan BIOS, mai shagon ma bai san ta ba. Windows zai yi aiki lafiya, ba za ka gane ba sai ranar da ka zo kunna wannan saiti ka tarar an garƙame. Don haka tun a shago, kafin ka ƙirga kuɗi, ka ce a shiga BIOS a gabanka ka ga ana iya canza abu. Na biyu, akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo a cikin kwamfuta wanda ke riƙe agogo. Idan ya mutu, ga babban batirin ma ya daɗe da sallama, to a wasu kwamfutocin duk lokacin da aka ɗauke wuta saitin BIOS yana komawa yadda ya fito daga kamfani. Ka kunna yau, gobe ka tarar a kashe. Alamarsa ita ce kwanan wata da lokaci su riƙa rikicewa. Canza batirin nan ba shi da tsada.

Buɗe BIOS rabin aiki ne. An gina ɗakin baƙi, amma sai an sami mai riƙe da makulli, wanda zai amsa sallamar baƙo ya daidaita tsakaninsa da maigida. Manhajar da ke wannan aiki ita ake kira haifabaiza, kuma a kanta ne masu Windows suka fi shan wahala, saboda akwai iri uku da sunansu ke yawo, ɗaya daga ciki kuma ta riga ta mutu.

Shekaru da yawa HAXM ta Intel ce kowa ya sani. Duk tsohon bidiyon koyarwa da ka buɗe zai ce ka je SDK Manager, wurin sauke kayan aiki a cikin Android Studio, ka sauke ta. Intel ya daina kula da ita a farkon 2023, Google ma ya janye daga gare ta. Amma tsofaffin bidiyoyin suna nan, su ne kuma ke fara fitowa idan yaro ya yi bincike, sai ya kwana yana ƙona data wajen neman abin da aka binne. Ko a zamaninta ma ba ta aiki a kan furosesar AMD. Shawarata ga duk mai farawa yau ita ce ya manta da sunanta.

Ta biyu ta Google ce, Android Emulator hypervisor driver, ana taƙaita sunan da AEHD. An fara yin ta ne don masu AMD, daga baya ta karɓi Intel. Ana sauke ta a SDK Manager, sashen SDK Tools, kuma tana buƙatar izinin mai iko da kwamfuta kafin ta zauna. In kana son sanin ko tana aiki, ka buɗe Command Prompt ka rubuta sc query aehd, ka duba ko an rubuta RUNNING. Ta uku ta Microsoft ce da kansa, Windows Hypervisor Platform, wato WHPX, wadda ta zo da sabuntawar Windows 10 ta Afrilun 2018, mai lamba 1803. Ita ba a sauke ta daga ko'ina, tana cikin Windows. Ka rubuta Turn Windows features on or off a wurin bincike, ka yi wa Windows Hypervisor Platform alama, ka sake kunna kwamfutar.

Ga inda rigimar take. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, haka VT-x da AMD-V ba sa karɓar mai makulli biyu a lokaci guda. Windows yana da nasa haifabaiza, Hyper-V, wanda idan yana kunne tun wurin tashin kwamfuta yake karɓe makullin, kafin kowa ya farka. AEHD ta zo ta tarar an riga ta, sai ta ƙi aiki, haka HAXM take yi a da. Mutum ya duba BIOS ya ga a kunne, ya duba Task Manager ya ga Enabled, ga saƙo yana cewa babu VT-x ko wani ya riƙe shi. Sai ya rantse bai taɓa kunna Hyper-V ba, kuma gaskiya ya faɗa. Abubuwa da dama ne ke tada shi a ɓoye: WSL2 da masu koyon Linux ke sakawa, Docker Desktop, Windows Sandbox, da kuma wani tsaro mai suna Memory integrity da ke cikin Windows Security ƙarƙashin Core isolation, wanda a sababbin kwamfutocin Windows 11 da yawa a kunne yake zuwa. Idan ka rubuta systeminfo a Command Prompt ka ga an ce an gano haifabaiza a layukan ƙarshe, to Hyper-V ne ke riƙe da makullin.

WHPX ba ta jayayya da Hyper-V, ta ƙarƙashinsa take bi. Ƙofa ce da Microsoft ya buɗe don manhajoji irin su emuleta su nemi ɗakin baƙi daga hannun Hyper-V. Saboda haka ni ita nake sa wa kowa yanzu, ita ce kuma Google ke nuna wa mutane. Na ga masu ba da shawarar a kashe Memory integrity, a rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, don a ba AEHD wuri. Yana aiki, amma ban yarda da shi a matsayin hanyar farko ba. Yaron da yake ɗaukar filashi daga shagon buga takardu zuwa ɗakin kwanan ɗalibai zuwa kwamfutar abokinsa, bai kamata a ce ya rage wa kwamfutarsa tsaro ba alhali ga hanyar da ba ta buƙatar haka. Ga shi kuma WSL2 da Docker za su daina aiki, kuma duk mai haɗa manhaja zai buƙace su wata rana.

Bayan duk wannan, akwai hanyar tabbatarwa da ba ta ƙarya. A cikin jakar SDK, inda Android Studio ke ajiye kayan aikinta, akwai wata jaka mai suna emulator. Ka buɗe Command Prompt a cikinta ka rubuta emulator -accel-check. Idan ta ba ka sifili tare da cewa WHPX ko AEHD tana nan kuma ana iya amfani da ita, an gama. Wata lamba dabam tana zuwa da bayanin abin da ya rage.

Masu Linux aikinsu ya fi sauƙi, don haifabaizansu, KVM, yana cikin zuciyar Linux tun 2007. A Ubuntu ka saka cpu-checker ka rubuta kvm-ok, zai gaya maka ko komai daidai ne. Abin da ya fi kama mutane shi ne saƙon hana izini a kan /dev/kvm. Maganinsa ka saka sunanka a rukunin kvm da sudo adduser $USER kvm, ka fita daga asusunka ka sake shiga, don izinin ba ya kamawa sai an yi haka. Masu Mac ba su da BIOS da za su shiga, emuleta tana amfani da Hypervisor.framework na Apple da kanta. Sai dai lissafinsu ya juya tun 2020 da Apple ya fito da furosesar M1, wadda ita ma ARM take ji. A wurin masu irin wannan Mac kwafin arm64-v8a ne mai sauri, na x86 ba nasu ba ne. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina, harshen kwafin Android ya dace da harshen furosesar kwamfutarka. Mai Intel ko AMD ya zaɓi x86_64. A lura da wannan tun kafin a danna saukewa, domin kwafi ɗaya yana haura gigabait 1, mun kuma san kuɗin data a yau. Wanda manhajarsa ke ɗauke da wani ɓangare da aka gina don ARM kawai kada ya damu, tun daga Android 11 kwafin x86 na Google yana iya fassara wannan ɓangaren shi kaɗai, sauran tsarin yana gudu da saurinsa. Wanda kuma ya girka Windows ko Linux a cikin VirtualBox sannan yake son kunna emuleta a cikinsa, baƙo ne yake son sauke baƙo, Google bai goyi bayan wannan tsari ba.

Akwai wani sauri na biyu da ake yawan cakuɗa shi da na farko, shi ne na zane. Duk abin da ke motsi a allon waya zana shi ake yi, sau 60 a daƙiƙa ɗaya a yawancin wayoyi. Kwamfuta tana da ɓangaren da aka yi musamman don zane, GPU, ko da kuwa ƙaramin Intel ne da ke haɗe da furosesa. A saitin wayar kwaikwayo, cikin Device Manager na Android Studio, akwai wurin Graphics mai zaɓin Automatic da Hardware da Software. Hardware yana miƙa zanen ga GPU. Software yana ɗora shi a kan furosesa ta hanyar wata manhajar Google mai suna SwiftShader, ya fi nauyi amma ba ya rigima da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa GPU. Idan emuleta ta tashi da sauri amma allon ya yi baƙi, ko ya riƙa yayyagewa, ko ta mutu da kanta, to ba VT-x ba ne, yawanci tsohon direban GPU ne. Ka fara sabunta direban daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar. In bai yi ba, ka koma Software, ko ka tada ta da emulator -avd sunan wayar -gpu swiftshader_indirect. Wayoyin da ke da tambarin Play Store sukan kulle wannan zaɓi, sai ka ƙirƙiri wata da kwafin Google APIs.

Girman allo ma yana da nasa nauyi, kuma yara suna son zaɓar babbar waya don ta fi kyau. Allon 1440 sau 3120 yana da ɗigo kusan miliyan 4.5 da za a zana, na 720 sau 1280 kuwa bai kai miliyan 1 ba, kusan ninki biyar ke tsakaninsu. Mutanen da za su yi amfani da manhajar yaron nan a Dange ko Wamakko ko Gwadabawa, ƙananan wayoyi ne a hannun mafi yawansu. Ƙaramin allon ya fi sauƙi ga kwamfuta, ya kuma fi kusa da gaskiyar masu amfani.

Yanzu sai in faɗi inda wannan gyara yake tsayawa, don kada wani ya ce na yi masa alkawarin da bai cika ba. VT-x ba ya ƙara RAM. Google da kansa aƙalla gigabait 16 yake ba da shawara ga mai son kunna Android Studio da emuleta tare. Da gigabait 8 ana iya aiki, in an rufe Chrome da sauran abubuwa, aka kuma ba wayar kwaikwayo abin da bai wuce gigabait 2 ba. Da gigabait 4, Windows da Android Studio sun riga sun cinye wurin, kwamfutar za ta koma ajiye abubuwa a faifai, in faifan kuma tsohon mai juyawa ne, to ko an kunna komai tafiyar hawainiyar tana nan. A irin wannan hali ƙara RAM da sa SSD, faifai mai sauri marar juyawa, sun fi sayen sabuwar kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yawancin EliteBook da Latitude da ThinkPad na da suna karɓar ƙari.

Sai zafi, wanda mu a Sakkwato ba ma buƙatar a yi mana bayaninsa. A bazara ana wuce digiri 40 a inuwa. Furosesa idan ta doshi digiri 100 tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Emuleta aiki ne mai nauyi, sai ka ga ta fara da sauri, bayan minti ashirin ta soma jan ƙafa, fanka tana ta kuka. Mun buɗe bayan kwamfutar yaron nan daga baya, muka tarar ƙurar hunturu ta yi dunƙule kamar auduga a bakin mafitar iska, muka cire ta da tsinke da ɗan buroshi. Ɗora laftof a kan katifa ko darduma yana toshe mata numfashi, faranti ko ɗan katako a ƙarƙashi ya wadatar. Idan kuma aka ɗauke wuta ta koma kan batir, Windows yana rage mata gudu don batirin ya daɗe, wannan ma ba laifin emuleta ba ne. Da yake wutar ba ta da tabbas, a saba da rufe emuleta ta hanyar da ta dace, domin tana ajiye hoton halin da take ciki don ta tashi da sauri a gaba, abin da ake kira Quick Boot. Idan kwamfuta ta mutu tsakiyar ajiyewa, hoton yana iya lalacewa, wayar ta maƙale a wurin tashi. Ba sai an goge ta ba, a Device Manager a zaɓi Cold Boot ta tashi daga farko.

Wanda kwamfutarsa ta gaza duk wannan, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi. Ya shiga saitin wayar, wurin bayanin waya, ya danna Build number sau 7, zaɓin masu haɗa manhaja zai bayyana. Ya kunna USB debugging, ya jona da kebul mai ɗaukar bayanai, don wasu kebul ɗin caji kawai suke yi, Android Studio zai gan ta. Daga Android 11 zuwa sama ana iya yi ta Wi-Fi ma ba kebul. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta, scrcpy, da ke nuna allon wayar a kan kwamfuta, mai amfani sosai ranar da za a nuna aiki a gaban malamai.

Ko mai kwamfuta mai ƙarfi ma ina ba shi shawara ya haɗa biyun. Emuleta tana ba ka abin da waya ɗaya ba za ta ba ka ba: ka gwada Android 9 da 14 a zama ɗaya, ka rage saurin intanet ka ga yadda manhajarka za ta yi a ƙauyen da sabis ke da rauni, ka canza wurin da GPS ke nunawa, ka sauke batir zuwa kashi 5. Amma Android ɗin da ke cikinta na Google ne tsantsa, kamfanonin waya kuwa kowanne yana ƙara nasa tsarin tattalin batir a kai. Bayan sati biyu yaron nan ya dawo, muka gaisa, ya ce, "Malam, cikin kwamfuta tunatarwar tana bugawa daidai, amma na sa ma wayar Inna, har gari ya waye ba ta yi ƙara ba." Muka karɓi wayar muka duba, ashe tsarin tattalin batirinta ne yake kashe manhajar da zarar an kulle allo. Ya zauna nan zaure ya ƙara shafin da zai nuna wa mai amfani yadda zai cire manhajar daga wannan takunkumi, ya saita tunatarwa ta ƙarfe 6 na safe, ya mayar wa mahaifiyarsa wayarta ya ce ta ajiye kusa da kanta.